Jiran a sake gina Terminus ba sana'a ba ce

Tun watan Fabrairun 2002 da wuta ta cinye Babbar Kasuwar Jos, wadda aka fi sani da Terminus, wata magana ta zauna a bakin mutanenmu ta ƙi tashi: "Bari dai a gina kasuwa." Mai bin bashi ya zo, a ce masa bari a gina kasuwa. Ɗa ya isa aure, ɗaki yana yoyo, an koro yara daga makaranta, amsar ɗaya ce. Da wuya a sami wanda ya nemi kujerar gwamna tun daga lokacin bai yi alkawarin ginin ba. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta kai ga yarjejeniya da bankin Jaiz, kafin a ce kwabo maganar ta rikiɗe ta koma gardamar addini da ƙabila, aka tashi baram-baram. Yaran da aka haifa a shekarar gobarar sun girma, wasunsu har sun ajiye iyali, ba su taɓa sa ƙafa a kasuwar da iyayensu ke ba su labari ba.

Na san da yawa daga cikin masu shagunan nan, kuma a ganina gida biyu suka rabu. Akwai waɗanda suka yi kukansu suka share hawaye, cikin 'yan makonni suka kafa tebur a gefen titin Ahmadu Bello, ko suka nemi rumfa a Katako, ko suka zuba kaya a baro suna bin tsoffin masu sayensu gida-gida. Akwai kuma waɗanda suka adana takardar shago a ƙasan akwati suka zauna jira, don a wurinsu mutumin da ya taɓa riƙe shago biyu a Terminus bai kamata a gan shi tsaye a rana bayan tebur ba. Na farkon ba dukansu suka yi arziki ba, kada a ce na ce. Amma waɗanda na sani sun riƙe gidajensu, sun aurar da 'ya'yansu. Na biyun kuwa, ɗan jarin da ya tsira daga wuta cefane ne ya cinye shi kaɗan-kaɗan, har aka wayi gari mutum ba shi da shagon, ba shi da jarin, masu sayen kayansa kuma sun saba da wani.

Abin da nake son faɗa shi ne, in sauyi ya zo wa mutum a sana'arsa ko a gidansa, asarar farko ba kasafai take kai shi ƙasa ba. Abin da ke ƙarasa shi biyu ne: jiran jiya ta dawo, da kunyar a ga ya sauko. Wannan kunyar kuma mu muke ɗora wa junanmu ita da bakinmu.

Kafin wani ya ce na wanke hukuma, ban wanke ta ba. Gina kasuwar nan haƙƙin mutanen Jos ne, na Musulmi da Kirista, na Bahaushe da Ibo da Berom da Bayarabe da Afizere da Anaguta, kuma abin kunya ne a ce gari irin wannan ya yi fiye da shekara 20 babbar kasuwarsa tana kango. A ci gaba da nema, a ci gaba da tunatarwa a rediyo da gaban 'yan siyasa. Sai dai neman haƙƙi aiki ne da ake yi da safe a koma wurin sana'a da rana. Wanda ya mayar da shi madadin sana'a ya miƙa tukunyar gidansa ga mutanen da ba su san yana yi ba.

Mu mutanen Jos ya kamata mu fi kowa gane wannan, don garin namu kansa a kan sana'ar da ta mutu aka gina shi. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙar kuza a nan. Saboda ita aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso a 1914, saboda ita babban layi ya biyo ta Kafanchan a 1927, saboda ita aka kafa wutar Kurra ta kamfanin NESCO. Leburori suka kwararo daga ƙasar Kano da Zazzau da Bauchi da Borno da Sakkwato, wasu don kansu, wasu kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dole aka kawo su. Sunayen garuruwan da ke kewaye da mu sun isa shaida: Barikin Ladi, Sabon Gidan Kanar, Gindin Akwati, Dorowa, Mai Adiko. Kakannin da yawa daga cikinmu a barikokin nan suka yi ƙuruciyarsu, da diga da shebur da kwanon wanke kuza, kuma ba su taɓa zaton akwai ranar da kamfani zai naɗe tabarmarsa ba. Daga shekarun 1970 harkar ta fara ja da baya. Kuzar da ke kusa da sama ta yi ƙaranci, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sannan a Oktoban 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Manyan injinan haƙa suka tsaya inda suke suna tsatsa.

Abin da aka bar mana ramuka ne masu ɗimbin yawa da ruwan sama ya cika. Ba zan ƙawata su ba: sun ci gonakin Berom da sauran masu ƙasa, sun ci yara da dabbobi, har yau suna ci. Amma a dubi abin da talakawa suka yi da su. Tsoffin leburori da 'ya'yansu, da manoman da ramukan suka cinye wa gona, suka juya ruwan nan zuwa noman rani. Da guga aka fara, daga baya injin ban ruwa ya zo. Ƙasar da haƙa ta gajiyar, aka riƙa ɗebo tokar bola daga cikin gari ana haɗawa da kashin kaji da na shanu ana gyara ta. Sanyin da ke hana baƙo barci a Disamba shi ya zama jari, don kabeji da karas da latas da koren wake da koren tattasai sun fi son irin wannan yanayi. Yau wanda ya je kasuwar Farin Gada da sassafe zai ga manyan motoci ana lodin kayan gwari zuwa Abuja da Fatakwal da Anacha da Legas. Mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Najeriya daga Filato yake fitowa, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Ba wani kwamiti ne ya zauna ya tsara wa waɗannan mutane mafita ba. Sun duba abin da ya rage a hannunsu, ruwa da sanyi da ƙarfin jiki da sanin wahala, suka fara da shi. Da sun zauna jiran Bature ya dawo da kamfaninsa, da har yanzu jikokinsu na jira.

A zamaninmu ma abin bai tsaya ba. Wayar hannu ta shigo a 2001, masu rumfar buga waya da lema suka ci kasuwarsu na 'yan shekaru, sannan waya ta yi arha kowa ya sayi tasa, suka watse. Masu keken rubutu a bakin kotu da sakatariya, waɗanda suka yarda suka koyi kwamfuta sun ci gaba, sauran suka koma gida. A 2012 gwamnatin Jonah Jang ta hana acaba a cikin Jos da Bukuru, dubban matasa suka wayi gari babu na balas balle na tuwo. Wasu suka shiga layin keke Napep, wasu suka sayar da mashin suka kama wankin mota ko gyaran waya ko dako, wasu kuwa suka yi ta wasan ɓuya da jami'an tsaro har aka ƙwace mashin ɗin, jari ya tafi gaba ɗaya. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa tsabar naira ta ɓace, mai nama da mai shayi da mai tumatir da suka rantse ba za su taɓa karɓar tiransifa ba suka buɗe asusu dole. Ranar 29 ga Mayun shekarar Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500. Ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, kuɗin bai kai na buhun shinkafa ba. Wannan karon ba 'yan wata sana'a ɗaya abin ya taɓa ba. Malamin makaranta, ɗan kasuwa, direba, ma'aikacin banki, kowa ya sauko mataki ɗaya ko biyu, ko ya faɗa ko ya ɓoye.

Ɓoyewar nan ita ce ciwon da na fi son mu tsaya a kai.

Akwai wani bawan Allah a unguwarmu da ya yi shekaru yana aiki a wani kamfani, aka rage ma'aikata, sunansa ya fito. Watanni yana tashi da safe ya yi wanka, ya sa kaftani mai guga, ya ɗauki jaka ya fita kamar kullum. A wani masallaci can nesa da unguwa yake wuni, yamma ta yi ya dawo da ledar burodi. Kuɗin sallamar da aka ba shi ya ƙare a riƙe wannan kamanni, ya shiga cin bashi. Ranar da mai bashi ya yi sallama a ƙofar gida, ranar matarsa ta sani. Abin da ta ce masa, wanda shi da bakinsa ya maimaita mana daga baya, shi ne: "Haba Malam, ni ce zan yi maka dariya? Da ka gaya mini tun watan farko, da kuɗin adashina bai tafi wajen anko ba." Kuɗin adashin nan da sun isa su fara wani abu. Yanzu suna sayar da ƙwai da dankali, ita tana haɗa masu saye ta waya, shi yana kaiwa. Sun tsaya da ƙafarsu, amma sai da suka shekara biyu suna biyan bashin watannin ɓuya.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, don na san abin da yake gudu. Yana gudun majalisa. Yana gudun "Ka ga wane? Ai ya karye." Yana gudun "Wai manaja guda ne ke tuƙa keke, Allah ya sa mu gama lafiya," wadda ake faɗa da muryar tausayi alhali gulma ce. Yana gudun surukai, da 'yan'uwan da suka saba ya ba su, da ranar ɗaurin aure da za a daina kiransa sahun gaba. Mun gina al'adar da ke girmama mai babbar riga ko bashi ya ci ya ɗinka ta, tana kuma ƙasƙantar da mai gumi a goshi. Muna kiran abin rufin asiri, amma rufin asiri na gaskiya shi ne mutum ya ci halak ya kwana ba mai binsa. A nan Jos muna zaune da maƙwabta da ba su da wannan nauyi kamar mu. Za ka ga mai digiri yana soya dankali a bakin hanya, ko matar babban ma'aikaci tana ɗauko kaya daga gona zuwa kasuwa, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su sau biyu. Wannan hali abin koyo ne, kuma ba sai an je wata ƙasa za a koyo shi ba.

Don haka nake ganin wurin da ake fara karɓar sauyi shi ne tsakar gida. Maigida ya zaunar da matarsa ko matansa, da manyan 'ya'ya, ya ce ga abin da ke shigowa yanzu, ga abin da ke fita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancin mata sun fi mazajensu sanin inda kuɗi ke zurarewa a gida, kuma da yawansu suna da ɗan abin da suka ɓoye ko sana'ar da za su iya faɗaɗawa: awara, masa, kunun zaƙi, ɗinki, turaren wuta, atamfa da ake tallatawa a WhatsApp. Namijin da ke ganin raini ne matarsa ta tallafa wa gida a lokacin tsanani, ya sani yunwa da bashi sun fi kawo raini. Su ma matan akwai nasu nauyi. Wadda mijinta ya gaya mata gaskiya sai ta mayar da ita abin gori, ko ta kai wa ƙawaye, ita ta koya masa ƙarya. In aka yi maganar a fili, shawarwarin da ke da ɗaci sukan zo da sauƙi: a cire yara daga makarantar kuɗi mai tsada a kai su wadda za a iya biya, a jingine mota a hau keke, a ba da hayar ɗakin zaure, a yi bikin 'ya ba tare da kwana biyar ana shagali ba. Yara sun fi jure sauyin makaranta a kan ganin ubansu yana ɓuya in an buga ƙofa.

Akwai kuma sauyin da ba na aljihu ba, wanda mu a garin nan muka sha fiye da yawancin garuruwa. Bayan rikicin 7 ga Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, Jos ta rabu. Musulmi suka bar wasu unguwanni, Kirista suka bar wasu, aka yi ta sayar da gidaje da arha ko musayarsu. Mutum ya bar gidan da aka binne cibiyarsa, ya bar maƙwabcin da suka yi shekara 30 suna miƙa wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti. Mahauci da tela da makanike suka rasa rabin masu zuwa wurinsu, don sun koma ɗaya gefen. Mata da yawa suka zama su ne uwa su ne uba a dare ɗaya. Wanda bai ɗanɗana wannan ba kada ya yi saurin cewa "a yi haƙuri, a manta." Ba a mantawa. Wanda ya rasa miji ko gida ko aikin da ya ba rabin rayuwarsa yana da haƙƙin ya yi baƙin ciki, a kuma saurare shi ba tare da an katse shi da wa'azi ba. Addininmu ma ya ba wadda mijinta ya rasu wata 4 da kwana 10 na takaba, lokaci ne da aka ware mata, aka kuma yi masa iyaka, bayansa ta fito ta ci gaba da rayuwa. A ganina duk wata babbar asara tana bukatar irin wannan: a ba ta lokacinta cikakke, amma kada a bar mata sauran shekarun mutum. Matan da suka fito daga takaba suka kafa kaskon suya a ƙofar gida, suka yi adashi, suka kai 'ya'yansu har jami'a, suna nan a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da Nasarawa, kowa ya san irinsu. Ban san wasu da suka fi su cancantar a tambaye su yadda ake tashi bayan faɗuwa ba.

In kuwa baƙin cikin ya ƙi wucewa, barci ya ƙaurace, mutum ya daina cin abinci, ya koma faɗa da kowa a gida ko ya kulle kansa a ɗaki, to abin ya zama ciwo, kuma ciwo magani ake nema masa. A yi addu'a, a kuma je asibiti a auna jini, a ga likita. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen masu kula da irin wannan damuwa, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Dattawa nawa muka binne aka ce hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki, alhali kowa ya san tun ranar da kasuwa ta juya musu suka daina dariya? Matasa kuma nasu ya fi fitowa ta wata hanya: ƙwaya, zaman jungul, sara-suka. Yaron da aka raba da mashin ɗinsa ko ya gama makaranta ya rasa abin yi, in babu babban da ya ja shi jiki, akwai waɗanda ke jiransa.

Na san abin da za a ce mini: faɗa da baki ba wuya, ina jarin? Gaskiya ne, kuma ba kowane motsi ne ci gaba ba. Wanda ya ruɗe yakan faɗa ramin da ya fi wanda ya fito. Mun ga yadda MMM, harkar zuba kuɗi ta damfara mai alkawarin riba cikin gaggawa, ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, mun sake gani da CBEX a Afrilun 2025, kuma cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu kuɗin sallama da 'yan fansho da suka so su mayar da abin da suka rasa cikin wata guda. Shagunan cacar ƙwallo sun cika da masu irin wannan buri. Wasu matasan sun koma loto, suna shiga rami mai zurfi da igiya neman kuza, ƙasa tana ruftawa da su. Duk waɗannan ba karɓar sauyi ba ne, gaggawar komawa matsayin jiya ce ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya karɓi sauyi da gaske ya yarda zai fara ƙarami, zai kuma daɗe yana ƙarami.

Maganar jari kuwa, muna yawan ƙirga kuɗi mu manta da sauran. Sa'ad da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi hijira zuwa Madina ya bar dukiyarsa a Makka, ɗan'uwansa na Ansar, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin abin da ya mallaka. Ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Da ɗan cuku da man shanu ya fara dawowa. Abin da ya ɗauko daga Makka yana cikin kansa: sanin ciniki da riƙon amana. Haka ɗan kasuwar da wuta ta cinye wa shago bai rasa sanin kaya ba, bai rasa dilan Kano ko na Aba da zai iya ba shi kaya bashi saboda bai taɓa cin amanarsa ba, bai rasa mutanen da suka yarda da awonsa ba. Ma'aikacin da aka sallama ya iya lissafi, ya iya rubuta takarda, ya san yadda ake bin fayil a ofis, kuma akwai 'yan kasuwa da ƙungiyoyi da ke neman mai wannan sani. Amma irin wannan jari yana ruɓewa in aka ajiye shi. Wata shida na ɓuya ya isa mai saye ya saba da wani, dila ya manta lambarka. Akwai kuma sabon sani da dole a ƙara a kai, sau da yawa daga hannun na ƙasa da kai. Dattijon da ya ce wa ɗansa, "Zo ka nuna mini yadda ake duba kuɗi sun shigo a wayar nan," bai rage komai daga girmansa ba, ya dai tsare kansa daga masu nuna alat na bogi.

Ma'aikatan gwamnati su ne suka fi ba ni tausayi, don nasu sauyin da ranarsa yake zuwa. Tun ranar da mutum ya kama aiki ya san in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki zai tafi. Duk da haka sai ritaya ta same shi kamar ba a gaya masa ba. Kuɗin sallama in sun fito, ya zuba su gaba ɗaya a kiwon kaji ko shagon da bai taɓa tsayawa a ciki ba, mura ɗaya ta kaji ko yaron shago ɗaya marar amana ya gama da su. Doka ta hana ma'aikaci gudanar da kasuwanci yana bakin aiki, amma ta yarda masa da noma. A Filato, inda ake noma damina da rani, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce. Wanda ya rage masa shekara 10 ya kama 'yar gona yanzu, ya yi kurakuransa tun albashi na shigowa yana rufe su, ya san taki da feshi da dillalan Farin Gada kafin ranar da zai dogara da su.

Sauran nauyin namu ne, mu da muke kallo. Hukuma in za ta hana wata sana'a ko ta tashi 'yan kasuwa daga bakin titi, ta ba da wa'adin da mutum zai iya shiri a cikinsa, ta kuma nuna wurin da za a koma wanda mai saye zai iya zuwa ba tare da tsoro ba. Tashin mutane ba madadi shi ke mayar da mai sana'a ɗan zaman banza. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu keke da na teloli, da suke karɓar kuɗin mako-mako, su ware wani abu na tayar da ɗan'uwan da gobara ko rashin lafiya ta kayar, kada asusun ya tsaya a gudummawar biki da ta'aziyya. Wanda Allah ya ɗaga, in tsohon ubangidansa ko abokinsa ya sauko, ya ba shi kaya ya sayar ya kawo uwar kuɗi, ya fi a riƙa cusa masa dubu biyu a aljihu ana kawar da kai. A majalisa kuma, in aka fara "ka ga wane," a samu mutum ɗaya da zai ce, "Sana'a yake yi, Allah ya sa albarka," ya kuma je ya saya a wurinsa.

Sai zakka. Duk shekara muna ganin layi a ƙofar gidajen masu hali, ana raba 'yan dubbai ga ɗaruruwan mutane, kuɗin su ƙare a cefanen kwana biyu, baɗi a sake dawowa layin. Da mai fitar da zakkar zai ware ko rabinta ne ya zaɓi mutum biyar da aka san sun iya sana'a, jari kawai suka rasa, ya saya wa wannan keken ɗinki, wancan injin ban ruwa, waccan injin markaɗe, da cikin 'yan shekaru wasunsu sun fita daga sahun masu karɓa. Irin waɗannan mutane ba sa zuwa layi, kunya ba ta barinsu, sai an bi su. Nemo su kuma ba wuya: limamai da masu unguwa da shugabannin mata na Islamiyya sun san su ɗaya bayan ɗaya, sun san ƙofar gidan kowa.